Waya a lokacin sujada: a hana ta gaba ɗaya, ko a yi mata ƙa'ida?

Sakataren_Dattawa ya rubuta:

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina neman shawarar waɗanda suka san hidimar ɗakin sujada ciki da waje. Kwamitin dattawanmu zai zauna a kan batun waya, kuma tun ba a zauna ba kai ya rabu. Ikilisiya ce ta cikin gari, sujadar Hausa tana ɗaukar mutum wajen 300. Kukan da ake yi shi ne waya tana ƙara ana tsakiyar addu'a, wasu suna duba WhatsApp da sakamakon ƙwallon jiya da sunan karanta Littafi Mai Tsarki, sannan da zarar zumuntar mata ko mawaƙa sun fito sai masu ɗaukar bidiyo su miƙe su tare wa na baya.

Wasu dattawa sun ce a riƙa karɓar wayoyi a ƙofa. Wani ya kawo shawarar a sayo na'urar nan mai kashe sabis. Wasu kuma sun ce a sa tara. Wanne ne yake aiki, kuma ta ina ake farawa?

Mai_Kula_da_Sauti ya amsa:

Salama, Dattijo. Na'urar kashe sabis dai ku cire ta daga lissafi. Katse sadarwa ba tare da izinin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ba laifi ne, kuma na'urar ba ta san inda katangar coci ta tsaya ba: za ta kashe wa maƙwabta layi, ta kashe wa masu tsaron ƙofarku, ta kashe wa wanda zai nemi mota idan wani ya faɗi. Karɓar waya a ƙofa kuwa lissafi ne zai kayar da shi. Idan kowace waya ta ci daƙiƙa 10 wajen karɓa da ba da lamba, mutum 300 a teburi ɗaya minti 50 ke nan, kuma haka za a sake yi wajen mayarwa. Ga Tecno da itel da Infinix masu kama da juna kamar an haife su rana ɗaya. Ranar da ɗaya ta ɓata, ikilisiya ce za ta biya.

Yawancin ƙarar da ake ji ba ta taurin kai ba ce. Mutane sun sa wayar a shiru, sun ɗauka sun gama. Abin da ba su sani ba shi ne waya tana da murya kala-kala, kowace da mabuɗinta: ta kira da saƙo daban, ta ƙararrawar tashi daban, ta bidiyo da waƙa daban. Sa waya a shiru ta farkon kawai yake kashewa. Shi ya sa ƙararrawar shan magani ta ƙarfe 10 za ta buga ko da wayar tana shiru, a Android da iPhone duka. Shi ya sa kuma wanda ya taɓa bidiyo a Facebook ko status ɗin WhatsApp zai ji kiɗa ya ɓarke. Har manhajar Littafi Mai Tsarki tana da maɓallin karantawa da murya a ƙasan shafi, babban yatsa ya goge shi sai ka ji wani ya fara karanta Zabura da Turanci a tsakiyar wa'azi.

Ga abin da ya kamata a koya wa jama'a, kuma a koya musu da wayar a hannu, ba a faɗa a sanarwa kawai ba. Kafin a fito daga gida a buɗe manhajar Littafi Mai Tsarki a sauke juyin Hausa cikin waya, domin ya buɗe ba tare da data ba. Manhajar YouVersion, wadda ta fito tun 2008, tana ba da damar haka a juyi da yawa. A gwada: a kashe data, a buɗe wata sura da ba a taɓa buɗewa ba. Idan ta buɗe, ya sauku. Da an iso, a ja fuskar waya daga sama a danna alamar jirgin sama. Wannan yana rufe kira da saƙo da intanet na layukan biyu a lokaci guda, kuma tallace-tallacen da ke cikin wasu manhajoji na kyauta ma sai su daina fitowa. Sannan a danna maɓallin rage murya, a tabbata layin bidiyo da waƙa ya sauka ƙasa ƙwarai. Na ƙarshe, a duba ko akwai ƙararrawar da aka saita tsakanin farkon sujada da ƙarshenta.

Wanda aikinsa ba zai bari ya rufe layi ba, kamar likita ko nas da ke jiran kira, ko wanda ya bar mara lafiya a gida, sai ya yi amfani da Do Not Disturb, wato tsarin "kada a dame ni" da ke cikin saitin waya. A ciki ana iya zaɓen lambobin da za su shigo, sauran duk su tsaya. Akwai kuma zaɓin mai maimaita kira: a Android idan lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15 za ta shigo, a iPhone cikin minti 3. A nan mutane suke faɗawa rami, domin mu ba ma kira sau ɗaya mu haƙura, kowa sai ya jera uku. To a kashe wannan zaɓin, a bar lambobin da aka zaɓa kawai. Ana iya saita shi ya kunna kansa kowace Lahadi, misali daga 8:30 zuwa 12:00, shi ke nan ba sai an tuna ba. Irin waɗannan mutane su zauna bakin layi kusa da ƙofa, wayar a aljihu. Kada a ajiye ta a kan benci, domin jijjiga a kan katako ta fi wani kiran ƙara.

Ƙananan wayoyi masu madannai na iyayenmu mata su ne suka fi ba da wahala. Muryarsu a sama take, kuma kafin Mama ta lalubo ta a ƙasan jaka, ƙarƙashin ɗankwali da Littafin Waƙoƙi, an gama rabin addu'a. A yawancinsu, idan aka danne maɓallin # na ɗan lokaci sai ta koma shiru ko jijjiga. Kada a ce musu su kashe ta a cikin ɗakin sujada, domin da yawa suna rera waƙa wajen kashewa da kunnawa, wasu ma suna kunna kansu idan lokacin ƙararrawa ya yi. A sa matasa biyu ko uku a ƙofa na makonni huɗu su taimaka wa duk mai so. Mai babbar waya kuma ya sani, idan kira ya shigo ya danna maɓallin murya na gefe sau ɗaya, ƙarar za ta mutu kiran yana ci gaba. Idan ya katse, mai kiran zai ɗauka sabis ne ya sake bugowa.

Akwai wata ƙara da ake ɗora wa miksa, na'urar haɗa sauti, alhali waya ce: wannan "dit-dit-dit-zzz" da ke fitowa a lasifika kafin kira ya shigo. Waya a kan 2G tana aika saƙonta a gutsure, kamar sau 217 a daƙiƙa, kuma kebul ɗin jita ko na kibod mai bakin jak yana kama shi kamar eriya. Inda sabis ba shi da ƙarfi, wayar tana ƙara ƙarfin aikawa, ƙarar ta ƙaru. Sa ta a shiru ba ya magance wannan, sai alamar jirgin sama ko nisa. Kada a bar waya a kan miksa, ko kibod, ko cikin aljihu ɗaya da akwatin makirfo marar waya na mai wa'azi. A ba da tazarar mita ɗaya zuwa biyu, a yi amfani da kebul ɗin XLR mai baki uku inda ya yiwu. Wayar da aka jona da miksa don sa waƙa ita ce mafi haɗari: kira ya shigo, dukan ikilisiya ta ji. Kuma a hana cajin waya a soket ɗin kayan sauti. An san dalili, gida babu wuta nan kuma an tayar da inji, amma caja mai araha tana sa lasifika tsaki, mai wayar kuma yana ta waiwaye yana gadin kayansa. In za a yi alheri, a sa wurin caji a ofis ko baranda a kan layin wuta daban, da mai lura.

Baba_Rabaran_Mai_Ritaya ya amsa:

Ɗana mai kula da sauti ya gama da ɓangaren ƙara, Allah ya yi maka albarka. Amma ƙara ita ce ƙaramar matsalar. Wayar da ba ta yi ƙara ba, tana hannu, kai a sunkuye, ita ce take cinye wa'azi.

Dattijo, kafin ku sa doka ku tambayi kanku me ya sa wayar take fitowa daga aljihu tun farko. Za ku tarar ikilisiya ce da kanta take fito da ita. Mun ce a buɗe nassi, babu Littafi a benci. Mun ba da lambar waƙa, babu Littafin Waƙoƙi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 muka fara haska lambar asusu a majigi lokacin baiko, muka ce a yi tiransifa. To wanda ya kunna data don ya ba da baiko, saƙonni 40 da suka taru tun safe za su sauko masa gaba ɗaya, kuma a tsarin yawancinmu wa'azi ne yake biyo baya. Mun buɗe masa kasuwa sannan mun ce ya saurara.

Gyaran baiko ba shi da wuya. A rubuta lambar asusu a allo a bakin ƙofa da cikin zauren WhatsApp na ikilisiya, a ce masu tiransifa su yi kafin su shigo ko bayan an tashi. Wanda yake so ya fita gaba tare da jama'a, a ba shi ƙaramar takarda ya rubuta cewa ya tura, ya jefa a cikin kwano. Ma'aji ma zai ji daɗin haka wajen lissafi.

Littafi kuwa a sayo. Ba sai kowa ya samu nasa a rana ɗaya ba. Benci mai mutum shida, Littafi Mai Tsarki biyu da na waƙoƙi biyu sun isa a fara. Mutum 300 benci 50 ke nan, wato kofi 100 na kowanne. In kuɗi bai kai ba, a fara da layukan baya da wajen matasa, a buga hatimin ikilisiya a gefen shafuka, masu zaunar da jama'a su ƙirga bayan sujada. Ku kuma tsayar da juyi ɗaya na karatun jama'a. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, an sake juya shi daga baya, ga kuma Sabon Rai Don Kowa a wayoyi. Idan ana karatun amsa-amsa kowa da nasa juyi, sai murya ta watse, mutane su shiga lalube a waya suna neman wanda ya yi daidai da na mai karatu. A rubuta sunan juyin da wuraren karatu da lambobin waƙa a allo kafin a fara.

Mu masu wa'azi ma muna da laifi. Wanda zai ambaci aya 15 daga littattafai 10 yana cewa "ku buɗe" a kowace, shi ya riƙe wa mutane waya a hannu har ƙarshe. A tsaya a nassi ɗaya, a ba da ɗan lokaci kowa ya samu wurin, a karanta, sannan a ce a fili, "Mu rufe, mu ajiye, mu ɗaga kai." Sauran ayoyin mai wa'azi ya karanta da kansa. Kuma dokar ta fara daga kan bagade. Idan dattijo yana zaune a gaba yana fuskantar jama'a yana latse-latse, duk sanarwar da mai bi da sujada zai yi ta zama wasa.

Tara ban goyi bayanta ba. Wadda za a fi kamawa ita ce tsohuwar da ba ta iya wayarta ba, mai duba WhatsApp a shiru kuwa ba zai taɓa biya ba. Kunyata mutum daga kan bagade ma haka, baƙon da aka yi wa haka ba ya dawowa. Matiyu 18:15 ta nuna hanya: a same shi shi kaɗai. Abin da manzo Bulus ya nema a 1 Korantiyawa 14:40 shi ne a yi kome da kyau cikin tsari, kuma tsari aikin shugabanni ne kafin ya zama na jama'a.

Malama_ta_Matasa ta amsa:

Baba, na yarda da kusan duka, amma a yi mini haƙuri in ƙara abu ɗaya da dattawa ba sa son ji. Ku sa wani ya zauna a layin ƙarshe ya lura da lokacin da wayoyi suke fitowa. Ba lokacin waƙa ba ne, ba kuma farkon wa'azi ba. Lokacin sanarwa ne. Idan sakatare ya yi minti 30 yana karanta wasiƙun gunduma da sunayen waɗanda ba su biya kuɗin gini ba, wayar da ta fito a nan ba ta komawa aljihu. A kai dogayen sanarwa allo da WhatsApp, a bar na baki kada su wuce minti 5 zuwa 7.

Masu cewa "ai ina ji, dubawa kawai na yi" su sani an gwada wannan. A 2015 masu bincike a jami'ar jihar Florida ta Amurka sun nuna cewa jin shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, yana sa mutum yawan kuskure a aikin da ke neman natsuwa. Wani binciken a Kanada a 2013 ya nuna ɗalibin da ke hango kwamfutar na gabansa yana yawo a intanet, shi ma fahimtarsa ta darasin tana raguwa. Wato ba kanka kaɗai kake cuta ba, har na bayanka. Don haka jijjiga a aljihu ba magani ba ce ga wanda ba ya jiran kiran gaggawa. Alamar jirgin sama ce.

Game da takarda, a yi hattara kada a mai da ita ma'aunin ruhaniya. Akwai tsofaffin da rubutun Littafi ya yi wa ƙanana, a waya suke ƙara girmansa su karanta. Akwai makafi da waya ce take karanta musu ta abin kunne. Akwai matasa da suke rubuta wa'azi a waya da gaske. Mai zaunar da jama'a ba zai iya bambancewa daga nesa ba, kuma bai kamata ya riƙa leƙen wayar mutane ba, balle ya fizge. Abin da zai yi shi ne ya matso a hankali ya miƙa Littafi a buɗe a wurin karatun. Mai hankali ya gane.

Iyaye kuma su daina miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Yaro ɗaya mai kallon katun a waya yana jan yara biyar daga benci uku. A ba shi fensir da takarda, ko a kai shi makarantar Lahadi. Kuma ku sa shugabannin matasa cikin masu rubuta ƙa'idar. Abin da aka yanke da su, su za su tsare shi.

Katikis_na_Unguwa ya amsa:

Salama gare ku duka. Batun hoto zan taɓa, tun da mu Katolika ma yana damunmu. A watan Nuwamba 2017 Paparoma Francis ya yi magana a kai a gaban jama'a a Vatican. Ya ce firist yana cewa a ɗaga zukata ne, bai ce a ɗaga wayoyi a ɗauki hoto ba, kuma ya ce abin yana ba shi baƙin ciki domin har firistoci da bishop-bishop yake gani suna yi.

Hana hoto kawai ba ya aiki, domin uwar da ake yi wa ɗanta baftisma tana da gaskiyar son hoton. A naɗa mutum ɗaya ko biyu masu ɗauka, a ba su alama a wuya da wurin tsayawa a gefe, ban da fitila mai walƙiya, ban da hawa bagade. A yi alkawari hotuna za su shiga WhatsApp a ranar, kuma a cika. Sannan a ware minti 10 bayan albarka don iyalai su ɗauki nasu. Ranar aure da ranar godiya a faɗi wannan tun a wajen shiri, domin baƙi ne suka fi yawa. Lokacin Jibin Ubangiji da lokacin da mutane suka fito gaba a yi musu addu'a, ko mai ɗaukar ikilisiya ya sauke kyamara. Wanda yake kuka a gaban Allah bai ba da izini a sa fuskarsa a Facebook ba, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta fi tsanani a kan yara. In kuna watsa sujada kai tsaye, kamar yadda da yawa suka fara a lokacin kullen korona na 2020, waya ɗaya a kan ƙafarta, tana kallon bagade, ba fuskokin jama'a ba.

Allon ƙofa ma yana taimakawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da manna "kashe wayarka" a ƙofar masallaci. Naku ku sa hoton alamar jirgin sama babba, domin wanda bai iya karatu ba ya gane abin da zai nema a wayarsa.

Sakataren_Dattawa ya sake rubutawa:

Na gode, Baba Rabaran da sauran 'yan'uwa. Saura abu ɗaya da na san za a tayar a zaman: tsaro. Akwai waɗanda tun hare-haren 2011 da 2012, na Madalla da na Jos, ba sa yarda su rufe layi a coci. Me za a ce musu?

Mai_Kula_da_Sauti ya amsa:

A ce musu tsoronsu yana kan hanya, sannan a nuna musu wanda yake riƙe da layin a madadinsu. A fitar da mutum huɗu zuwa shida da wayarsu za ta kasance a buɗe kowace Lahadi: shugaban tsaro, biyu a ƙofar waje, ɗaya cikin samarin Brigade a wajen motoci, da dattijo ɗaya a ciki kusa da ƙofa wanda zai iya isa wurin mai bi da sujada cikin 'yan daƙiƙu. Kada duka su zama a layin kamfani ɗaya, a haɗa MTN da Airtel ko Glo, domin in ɗaya ya ɗauke ɗaya yana nan. Su ajiye lambar gaggawa ta 112 da ta DPO na yankin da ta asibiti mafi kusa, caji a cike, kati a ciki. A ba dukan iyalai lambar dattijon nan, domin wanda aka bari a gida ya san wanda zai kira idan wani abu ya taso, shi kuma ya je ya taɓa kafaɗar mutumin a hankali ya fito da shi.

Wayoyi 300 a buɗe ba sa ƙara tsaro. Saƙon jita-jita ɗaya ya shiga zauren unguwa, mutum goma su miƙe a lokaci ɗaya, turereniya a ƙofa ta ji wa yara da tsofaffi rauni kafin a san ko gaskiya ne. Wanda har yanzu hankalinsa bai kwanta ba, ya kashe data kawai ya bar layin kira a kan Do Not Disturb da lambobi biyu ko uku na gida. Sunayen masu riƙe waya na kowane mako kuma a rubuta su a allon ƙofa tare da lambobin waƙa, a sauya su duk wata domin su ma su samu yin sujada.